Ranar Da Gwaggo Ta Nema Mini Aiki A Rediyo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara magana a gidan rediyo ba. Ko na so in manta ma mutanen unguwarmu ba za su bari ba, don har yau akwai waɗanda ba su san ainihin sunana ba, amma sun san labarin nan daga farko har ƙarshe, har da ƙarin gishirin da ban san inda suka samo shi ba.

Tattalin arziki na karanta a jami'a. Na fito da sakamako mai kyau, na yi hidimar ƙasa, na dawo gidanmu a Badarawa ina jin kamar duk Kaduna ni take jira. Da farko na nemi aiki kamar zan zauce. Babu ofishin da ban shiga ba, babu bankin da ban leƙa ba, har masu gadi suka gane ni, ina doso ƙofa za su ce, "Oga ba ya nan." Daga baya na gaji. Ba wai na zauna na yanke shawarar dainawa ba ne. Kawai wata safiya na tashi ban goge takalmi ba, washegari ma haka, kafin in ankara na zama cikakken ɗan majalisar mai shayin bakin layinmu, mai benci nasa na kansa. A nan nake wuni ina warware wa abokaina matsalolin duniya kyauta.

Ga shi kuma a lokacin ina neman Rukayya, wata yarinya 'yar Unguwar Dosa. Mahaifinta, Alhaji Sabo, shadda da atamfa yake sayarwa a Babbar Kasuwa, mutum ne marar yawan magana mai kallon mutum ta saman tabarau. Ranar da na je gaishe shi ya ce, "Yaro, me kake yi?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ina 'yan nazarce-nazarce ne kan tattalin arziki, Alhaji." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, madalla." (Wannan madallar ta hana ni barci mai daɗi tsawon lokaci.)

Ana nan sai wata safiya Nura ya kira ni. Nura abokina ne tun jami'a, yana aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a cikin gari, shi ke shirya wani shiri na bayan la'asar da masu sauraro ke bugo waya.

"Mutumina, ka cece ni. Malamin jami'ar da muka gayyato daga Zariya motarsa ta lalace, ya ce ba zai iso ba. Batun rashin aikin yi ne da tsadar rayuwa. Ai fanninka ne. Za ka iya?"

Zan iya? Ban san lokacin da na miƙe tsaye a kan benci ba! Na ce masa ko yanzu aka kunna makirfo a shirye nake. Yana kashe waya na fara shela. Na gaya wa 'yan majalisa, na gaya wa mai shayi, na gaya wa mai wanki da guga. Na kira Rukayya na ce don Allah ta san yadda za ta yi Alhaji ya kunna rediyo a shago bayan la'asar, don yau zai san wane ne ke neman 'yarsa. Ta yi ta murna, ta ce ita da kanta za ta kira yaran shagon ta tuna musu.

Sai kuma na kira Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, a Rigasa take zaune. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka tun ina cikin zani ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini. Duk duniya babu mai sona kamarta, kuma duk Rigasa babu mai son rediyo kamarta. Tana girki tana ji, tana tsintar shinkafa tana ji, ta san masu gabatar da shirye-shirye kamar 'ya'yan cikinta. Ni dai addu'a na kira in nema. Ta rangaɗa guɗa har sai da na janye wayar daga kunnena, ta ce, "Babana a rediyo! Yau duk matan layin nan a tsakar gidana za su yi la'asar." Na yi dariya na ce Allah ya kai mu. (Da na san abin da ke tafe, da na ce mata an ɗaga shirin sai baɗi.)

Na ari babbar rigar yayana, ruwan sararin samaniya mai aiki a wuya, na kafa hula, na fesa turare. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, ba rediyo ka ce ba? Wa zai gan ka?" Na ce mata yara ba su san komai ba, murya ma tana jin kayan da aka sa.

Ɗakin watsa shirin ƙarami ne, sanyi kamar cikin firji, ga makirfo biyu a kan tebur, ga gilashi mai faɗi wanda Nura ke zaune a bayansa yana ɗaga mini babban yatsa. Mai gabatarwa, Malama Hadiza, mace ce mai fara'a da murya mai daɗi, ba ta san ni ba sai ranar. Kafin a fara ta ce, "Malam, da me zan gabatar da kai? A ina kake aiki?"

Na gyara wuyan riga na ce, "Ki ce masanin tattalin arziki mai zaman kansa."

Jar fitila ta kama. Ta yi sallama, ta gabatar da ni yadda na ce, ni kuwa na ji kaina ya ƙara girma har hular ta matse ni.

Gaskiya, jama'a, na yi ƙoƙari a ranar. Ku bar ni in yabi kaina kafin mu kai inda za mu. Da ta tambaye ni mene ne hauhawar farashi, ban kawo mata turancin littafi ba. Na ce ba tashin kuɗin abu ɗaya ba ne, don tumatir kan yi tsada a wani lokaci ya sauko a wani. Hauhawar farashi ita ce komai ya tashi tare, ya ci gaba da tashi, abinci da haya da kuɗin mota da magani, har kuɗin da ke aljihunka ya rame alhali ba ka taɓa shi ba. Na ce kuɗin da a da za ka shiga kasuwa da su ka fito da leda biyu, yau kayan a tafin hannu za ka riƙo. Na ce ku dubi ƙosai: mai ƙosai tana jin nauyin ƙara muku kuɗi, sai ta rage masa jiki, yanzu ƙosai ya koma kamar maɓallin riga, ita ma hauhawar farashi ce ta shigo ta bayan gida. Malama Hadiza ta yi dariya har ta dafe baki. Nura ya ɗaga hannu biyu sama. Na ce a raina, Alhaji Sabo, kana ji ko?

Sai muka shiga batun rashin aikin yi, a nan ne daɗin baki ya kwashe ni. Na bayyana cewa a wurin masana, ba duk wanda ba ya aiki ne ake kira marar aikin yi ba. Ɗalibi ba ya ciki, tsohon da ya yi ritaya ba ya ciki. Marar aikin yi shi ne wanda ya isa aiki, yana da lafiya, yana so, kuma yana kan nema bai samu ba. Masu aiki da masu neman aiki, idan aka haɗa su, su ne rundunar ƙwadagon ƙasa.

"To wanda ya nema ya gaji ya daina fa?" in ji ta.

"Wannan," na ce, har da buga tebur, "ya fita daga lissafi! Ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki. Ko ƙidaya aka zo yi, tsallake shi ake yi."

Da na tsaya a nan da na fita lafiya. Amma ina! Makirfo yana da wani abu da yake sa wa mutum a kai. Na ci gaba: "Kuma Malama, bari in faɗi gaskiya komai ɗacinta. Matasanmu da yawa sun fita daga lissafi da gangan. Ki zaga unguwanni ki gani, ƙarti majiya ƙarfi sun kafa benci wajen mai shayi tun safe har yamma, suna gardamar ƙwallo. Ina kira gare su da su ji kunya, su tashi su nema!"

(Ina wannan maganar, 'yan majalisarmu suna zaune sun kewaye rediyon mai shayi, an bar mini gurbina a benci ba wanda ya zauna, don girmamawa.)

Aka buɗe layukan waya. Mutum na farko daga Kawo ya yaba mini. Na biyu daga Tudun Wada ya yi tambaya kan farashin masara, na amsa kamar ni na shuka ta. Sai kira na uku ya shigo da wata irin ƙara, ana jin muryata tana dawowa daga can nesa, ga hayaniyar mata.

"Salamu alaikum, wa ke magana, daga ina?" in ji Malama Hadiza. "Hajiya, a ɗan rage muryar rediyo."

"Ke Talatu rage, rage, sun ɗauka! Salamu alaikum! Daga Rigasa ne. Babana! Babana kai ne?"

Ina jin muryar Gwaggo na dafe goshi.

Malama Hadiza ta dube ni, ta dubi makirfo. "Hajiya, mahaifinki ne baƙon namu?"

"A'a 'yar nan, ɗan ƙanena ne, sunan babanmu gare shi. Ni na yi masa wankan farko da hannuna. Kai, Allah na gode maka! Kun ji yadda yake zuba magana? Tun yana yaro haka yake, ko tuwo yake ci bakinsa ba ya hutawa."

Na matso da bakina na ce, "Gwaggo, mun gode, Allah ya saka da alheri, akwai masu jiran layi…"

"Tsaya Babana, ban gama ba. 'Yar nan, na ji kin ce mai zaman kansa ne. Wallahi kin faɗi gaskiya, zaman yake yi. Tun da ya gama bautar ƙasa yake zaune. Da can ya yi ta yawo da takardu har takalminsa ya huje, ni na ba da aka ɗinke masa. To yanzu ya gaji, ya daina zuwa ko'ina, kullum yana wajen mai shayi, abin tausayi. Shi ne na ce tunda yau Allah ya kawo shi inda manya ke ji, bari in roƙa masa. Jama'ar Annabi, duk mai hanyar aiki ya taimaka wa yaron nan. Ba ya shaye-shaye, ba ya ɗauke-ɗauke, barci ne kawai ya ɗan yi masa yawa. Ga shi har ya samu yarinya 'yar mutunci, uban yana kasuwa, amma da me za a yi auren? Ko rigar da ya sa yau, uwarsa ta ce mini ta yayansa ce."

Daga bayanta na ji mata suna amsawa, "Allah sarki! Allah ya ba shi!"

Na ɗaga kai na dubi gilashi don Nura ya katse layin. Babu Nura. Hannunsa kawai nake gani a kan tebur yana dukan katako, sauran jikinsa ya zame ƙasa don dariya.

Malama Hadiza ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya sani. Ta cije leɓe, ta kalli silin, ta ce, "Mun gode Hajiya, saƙonki ya isa." Layin ya yanke. Ɗakin ya yi tsit. Ana so a ce wani abu, don rediyo ba ya son shiru, ita kuma aikinta tambaya. Ta share ƙwallar da ta taru a idonta ta ce, da murya mai rawa:

"To masani… bisa bayanin da ka yi mana ɗazu, kai kana cikin marasa aikin yi ne, ko kuwa…"

Na buɗe baki. Na ce, "A kimiyyance…" Na tsaya. Na sake cewa, "Wato idan aka duba ta wata fuskar…" Babu wata fuskar. Ni na gina ramin da bakina, na yi masa siminti, na shafe shi da fenti. Na ji muryata, ƙarama kamar ta ɗan firamare, tana cewa:

"Na fita daga lissafi."

Ta kifa kai a kan tebur. Aka sako talla.

Bayan talla akwai sauran lokaci, kuma dole a cika shi. Wanda ya bugo na gaba ya yi sallama cikin ladabi ya ce, "Ina da tambaya ga Baban Gwaggo." Na bayansa ya ce shi ba tambaya gare shi ba, so yake ya san ko rigar ta yi mini daidai. Ban san yadda na ƙarasa shirin ba. Na dai tuna ina fitowa mai gadin gidan rediyon, wanda ɗazu ya sara mini da na shigo, ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah zai kawo, ɗana."

A hanyar komawa na shiga adaidaita, na tarar direban da wani fasinja suna kan zancen. Direban yana dukan sitiyari yana cewa, "Wallahi tsohuwar nan ta gama da shi! Yana zagin masu zaman benci ashe shi ne shugabansu!" Ya waiwayo ya ce, "Alhaji, ba ka ji shirin ba?" Na girgiza kai kawai. Ban yarda na yi magana ba, kar ya gane muryar. Da muka iso Badarawa ma da hannu na yi masa alamar ya tsaya, kamar kurma.

Ta bayan layi na bi don kar in wuce majalisa, amma sun riga sun sa ido ta ko'ina. Suna hango ni suka miƙe gaba ɗaya, suka ɗauko bencina suka kakkaɓe shi da hula, suna cewa, "A buɗe hanya, ga masani! Ƙarti majiya ƙarfi suna gaisuwa!" Mai shayi ya haɗa mini mai kauri ya ce kyauta ne, ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda ba ya cikin lissafi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da nake tsoro. Washegari Rukayya ta kira. Ta fara magana dariya ta ƙwace mata, ta kashe, ta sake kira. Da ƙyar ta iya cewa, "Baba ya ce ka same shi a shago."

Na tafi Babbar Kasuwa da tsohuwar rigata, tawa ta kaina, ina shirya yadda zan karɓi sallama cikin mutunci. Ina shiga layin 'yan shadda na ga ana zunɗe na. Ashe Alhaji ba shi kaɗai ya saurara ba, ƙure muryar rediyon ya yi, duk maƙwabtan shagonsa suka taru. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ta saman tabarau kamar yadda ya saba.

"Bayaninka na tsadar kaya ya yi kyau," in ji shi. "Na daɗe ina gaya wa masu saye ba ni nake ƙara kuɗi don son raina ba, ba sa yarda. Jiya ka faɗa musu da kyau."

"Na gode, Alhaji."

"Amma Gwaggonka ta fi ka iya bayani."

Na ƙura wa tabarma ido.

"Ka ga yaro, ni ban taɓa cewa sai mai mota zan ba 'yata ba. Rashin aiki ba abin kunya ba ne, gari ya yi zafi, kowa ya sani. Wanda yake nema bai samu ba, ina iya jiransa. Wanda ya daina nema ne ban san me zan jira ba." Ya gyara tabarau, na ga gefen bakinsa yana motsi. "Ka je ka koma cikin lissafin nan naka, sannan ka dawo mu yi magana."

Ina fita na ji shagon ya ɗauki dariya, har da muryarsa a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, roƙon Gwaggo ya yi aiki. Ba a rufa mako ba Nura ya kira ni ya ce wata mata mai makarantar sakandare ta kuɗi a Katabu ta bugo gidan rediyon tana neman "yaron nan na Gwaggo". Ta ce duk wanda ya iya bayyana hauhawar farashi da ƙosai zai iya koyar da yara. Na je, ta ɗauke ni. A ranar farko da na shiga aji na rubuta ma'anar rashin aikin yi a allo, na ji ana ƙus-ƙus a baya, ashe iyayensu sun ba su labari. Ban kula su ba. Albashin ba shi da yawa, kuɗin motar Kawo zuwa Katabu ma yana cin rabonsa, amma da shi na koma gaban Alhaji Sabo, wannan karon kaina a ɗage. Rukayya tana ɗakina yanzu, kuma duk ranar da na makara a gado sai ta leƙo ta ce, "Masani, za a tsallake ka a ƙidaya fa."

Na je Rigasa da niyyar in yi wa Gwaggo ƙorafi, ko da a fakaice. Ban samu dama ba. Tana ganina ta kira matan layin su zo su ga Babanta na rediyo, ta ce, "Da ban bugo ba fa? Da yanzu kana nan kana ɗumama benci." Na duba ta ko'ina ban ga inda zan musa ba, sai kawai na ci tuwona.

Abin da na koya dai shi ne, kafin in tsaya gaban jama'a ina raba mutane rukuni-rukuni, sai na fara duba rukunin da nake ciki, don akwai wanda ya sani, kuma yana da kati a waya. Kwanan baya Nura ya sake gayyatata shirin, na ce masa ina da uzuri. Dalili kuwa, Gwaggo ta riga ta gaya mini cewa duk ranar da na koma za ta sake bugowa. Ta ce ta ji albashin nawa bai taka kara ya karya ba, ga hauhawar farashi (ta iya kalmar yanzu, har tana koya wa maƙwabta), don haka tana so ta yi wa mai makarantarmu magana a kan ƙari, a inda kowa zai ji.